Ƙasar da Muka Ɗebo a Gonar Doya

Tun da na dawo daga Kwatano ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali a ƙofar sakateriya ba. Wannan ya ce in ba shi labarin motar da ke magana, wancan ya ce wai da gaske ne aljana ce a ciki. Na gaji da ba da shi gutsi-gutsi, kuma duk sanda na bayar sai in tsallake wurin da ya fi damuna. To ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya karanta ya shafa mini lafiya.

Ni Sabo, aikin safiyo nake yi a nan Jalingo. Shekarun baya wasu Turawa masu haƙa burtsatse suka bar wa sashenmu wata 'yar na'ura da ake kira jifiyes. Girmanta bai wuce rediyon aljihu ba. Ka tsaya da ita a fili ta saurari taurarin ɗan'adam, sai ta ba ka lambobin inda kake, ka danna ta ajiye su. Wata rana in kana son komawa, kibiya ta nuna maka hanya. A hannuna take kwana, kuma ba na ɓoyewa, na yi fankama da ita har na gundure mutane.

Shekara biyu kafin wannan tafiya, na bi maƙwabcina Yohanna zuwa Kwatano don in sayi 'yar ƙaramar mota. Sana'arsa ke nan, kawo motoci. A hanyar dawowa, kafin mu kai Faraku, tayarsa ta fashe a wata muguwar kwana, ina biye da shi ina gani. Nan take ya cika. Ga zafi, ga ƙasar mutane, ga ba takardar ƙetare iyaka da gawa, sai mutanen ƙauyen suka taimaka muka rufe shi a gefen titi kusa da wata ɗorawa. Dagacin, wani tsoho mai ido ɗaya, ya sa aka gaya mini in jera duwatsu, in kuma rubuta sunansa shi dagacin da na ƙauyen. Na ciro na'urata na danna, na ce a faɗa masa abin da ke hannuna ya fi dutse. Ya dube ni da idon nan nasa guda.

Mahaifiyar Yohanna, Mama Saraya, ba ta taɓa zargina ba. Amma a wajensu wanda aka rufe a ƙasar baƙi bai kwanta ba tukuna, yana nan tsaye a bakin hanya yana jiran a zo a tafi da shi. Mu kuwa inda mutum ya faɗi nan ne ƙasarsa, ko alama ba mu cika damuwa da ita ba. Duk sanda na je gaishe ta sai ta ce, “Safiyo, lamba na nan?” In ce tana nan, Mama. A watan Maris na 1999 wani ɗan kwangila ya aiki ƙanen Yohanna, Iliya, wanda ya gaji sana'ar, ya ɗauko masa mota. Sai Mama Saraya ta kira mu biyun. Ta ba ni gwangwanin madara mai murfi, naɗe cikin farin ƙyalle, ta ce ba ƙashi take so ba, ƙasar kabarin kawai. A ɗiba da hannun dama, a kira sunansa a ce ya taso. Duk ruwan da za a ƙetare a sake kiransa, kada ya tsaya a wancan gefe. A bar masa kujerar baya, kada a sa shi a but. Su kuma za su haƙa rami a ƙauyensu da ke hanyar Lau su jira mu. Na bugi ƙirji na ce ta ɗauka an gama.

Tafiyar zuwa ba ta da wani abin faɗi sai wahala. Mun bi ta Wukari da Makurɗi har Legas a cikin doguwar bas, ana wahalar mai, direba na tsayawa sayen na bumburutu a jarka. Wata mata ta ɗora mini kwandon busasshen kifi a cinya tun daga Anaca, har yau in na ji warinsa sai bayana ya amsa. A iyakar Seme wani jami'i ya ciro na'urar daga jakata, ya kara a kunne, ya ce me ya sa ba ta kama tasha. Na yi masa bayani. Ya kira abokinsa, suka yanke cewa kayan leƙen asiri ne. Sai da na fita fili na kunna, na nuna musu lambobin shingensu, suka rubuta a bayan kwalin taba kamar wanda aka ba laƙani, sannan suka sake mu.

A Kwatano mun sauka a Zango, gidan wani fatoma mai saukar baƙi, Bakatsine da ya shekara talatin a can bai koyi Faransanci ba, don a cewarsa su ne ke da buƙatar jin maganarsa. Da ya ji sunan Iliya sai ya shimfiɗa masa buzu ya nuna masa alƙibla. Iliya, wanda yake mawaƙi ne a cocinsu, ya karɓa ya yi godiya ya mai da shi matashi. Garin ya ba ni mamaki. 'Yan acaɓarsu duk da riga ruwan ɗorawa mai lamba, fetur a cikin manyan kwalabe a bakin titi, burodinsu dogo mai tauri kamar sandar makiyayi. Da rana ta take sai ofisoshi su rufe, kowa ya tafi barci, har ni ma'aikacin gwamnati abin ya ba ni kunya. Na ci wani abu kamar agidi da miyar kifi mai yaji, na sha ruwa ya fi kofi biyar. A ƙofar wasu gidajen kuma za ka ga tulin ƙasa an zuba masa manja da gashin kaza. Na lura Iliya ba ya bi ta gabansu, sai ya ƙetara titi.

Kwana uku muka yi kafin motar ta fito daga tashar jiragen ruwa. Babbar baƙar mota ce ƙirar Jamus, a gabanta an gina wani gilashi kamar ƙaramar talabijin. Iliya na murza makulli gilashin ya kawo haske, ga taswira, tituna sun sarƙe, da kibiya a tsakiya. Sai wata mace ta yi magana daga cikin mota, a hankali, cikin harshen da ba mu sani ba. Iliya ya saki sitiyari ya waiwaya baya.

Wani makanike da ya taɓa zama a Jamus ya yi ta dariya, sannan ya yi mana bayani. Ya ce ita ma jifiyes ce, amma tare da motar aka haife ta, tana da faifai mai ɗauke da taswirar ƙasarsu kaɗai. An kuma sace eriyarta a hanya, saboda haka ba ta jin taurari. Juyin taya kawai take ƙirgawa, da karkatar mota, ta ɗora mu a kan titunan garinsu. A ganinta har yanzu tana gida, kuma tana ƙoƙarin kai mai ita na dā wani wuri da ya saka mata. Ya koya mana maganarta guda uku: dama, hagu, da wata doguwa mai nufin in da hali ku juya. Ya ce bai san inda ake rufe mata baki ba, kuma kada mu taɓa faifan, mai mota zai so ya ji ta.

Muka kama hanyar arewa da sassafe, ni da Iliya muna gardama. Shi ya ce tasa ta fi, tana da taswira, tana da murya, ba ta cin batir, ba a mantawa da ita a aljihun wata rigar. Na ce taswirar garin wa? Tawa ba ta san sunan titi ko ɗaya ba, amma ko tsakiyar dajin Gashaka ka jefa ta za ta faɗa maka inda kake, taka kuwa makauniya ce mai zaƙin baki. Ya ce aƙalla ita ta san gida. Muna cikin rogo da kwakwar manja, gilashin na nuna mu a tsakiyar birni. Wani lokaci kibiyar ta sauka daga titi ta bi ta kan gidaje, sau ɗaya ma ta shiga wani shuɗin tafki muka yi ta tafiya a cikinsa kusan rabin awa. Da farko dariya muke. Da tafiya ta yi nisa, matar na cewa dama a inda ba hanya sai daji, dariyar ta ƙare.

Wajen azahar na kunna tawa na ɗora a gilashin gaba. Saura kilomita goma, saura biyar, saura biyu. Na fara gane ƙasar. Saura kamar mita ɗari huɗu Iliya ya taka birki ba tare da na ce masa komai ba. Ya nuna gilashin motar da yatsa. Kibiyar ta tsaya a cikin wani koren fili mai ƙananan gicciye jere-jere.

“Malam Sabo, mene ne wannan?”

Na san alamar, aikina ne. Na ce maƙabarta ce, amma ta wani gari a Jamus, kuma dacewa ce kawai, tun safe ta bi da mu ta kan komai.

“Nan ne,” in ji shi. “Ta gani.”

Na ce makauniya ba ta gani, ya ja mota. Ya ja, amma bai ƙara kallona ba.

Kwanar tana nan yadda na san ta. Ɗorawar ce babu. Inda na bar ciyawa da ƙaya, yanzu gona ce tun daga bakin titi har inda ido ya tsaya, an tara tsibin doya ɗaruruwa, kowanne tsawon gwiwa, kowanne an ɗora masa hular ciyawa da ɗan hoge a kai. Doyar ba ta tsiro ba. Ba iska, ba tsuntsu, sai jar ƙasa tsibi-tsibi a jere cikin rana tsaka. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya yi kama da sabuwar maƙabarta kamar gonar nan ba.

Na shiga da na'urata a tafin hannu. Ta ce mita talatin gaba. Na taka talatin, ta ce ashirin a hagu. Na je, ta ce hamsin a bayana. Na tsaya cak, ƙafafuna a haɗe, ina kallon lambobin suna canzawa da kansu, har tana nuna wai ina tafiya. A nan maganar Baturen da ya koya mana ta dawo mini. Ya faɗa, da bakinsa, cewa masu taurarin da gangan suke girgiza lambobin, kuskuren kan kai mita ɗari. Na ji a lokacin na watsar, domin mu burtsatse muke nema da ita, burtsatse kuwa tana da kai, daga nesa kana hango mata na bugawa. Ban taɓa neman abin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa da ita ba.

Mai gonar ya fito daga wata bukka, mutum ne dogo da 'yar Hausarsa ta kasuwa. Baƙo ne shi ma, bara aka ba shi wurin. Ya ce dagaci mai ido ɗaya ya rasu, ɗorawa kuma masu gawayi sun sare ta har kututture. Da na ce kabari muke nema, bai yi mamaki ba. Ya ɗaga yatsu huɗu. Ya ce an gaya masa kwanar nan ta ci baƙi huɗu, duk a gefen nan aka rufe su, daga nan har can inda muka fara tsayawa, amma shi bai ga alamar ko ɗaya ba da ya zo. Ya ce mu ɗebi ƙasa duk inda muke so, kada dai mu taɓa irin doyarsa.

Na fi awa ɗaya ina zagaye. Batir ya fara nuna rabi. Iliya na biye da ni da gwangwani a ƙirji. Can na zo kan wani tsibi, lambar ta sauko ta nuna sifiri. Ko ƙiftawa biyu ba ta yi ba ta koma sha bakwai. Na kashe na'urar da sauri kafin ya leƙo.

“Nan ne,” na ce.

“Ka tabbata?”

“Aikina ne, Iliya.”

Ya durƙusa. Ya ɗibi ƙasa da hannun dama sau uku, ya kira Yohanna, ya yi masa magana da yarensu, sannan ya ƙara da Hausa, ina jin don ni: “Yaya, tashi mu je gida, Mama na jira.” Ya yi kuka kamar ranar aka yi mutuwar. Ni kuwa ina tsaye ina jin kamar a tsage ƙasa in shige. Ya buɗe ƙofar baya, ya ajiye gwangwanin a kujera, ya ɗaura masa bel, ya ɗan jira kamar mai jiran wani ya gyara zama, sannan ya rufe.

Muna hawa titi matar ta yi magana. Doguwar ce, in da hali ku juya. Bayan ɗan lokaci ta sake. Daga gonar nan har Jalingo ba ta ƙara cewa dama ko hagu ba, wannan kaɗai. Na san dalili, mun yi nisa da inda take son zuwa ne, na kuma faɗa wa kaina haka ya fi sau ɗari. Iliya ya kifa hularsa a kan gilashin ya ce a ƙyale ta, garinsu take so. Shi hankalinsa ya kwanta, har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa. Ni ne duk sanda ta yi magana sai tsikar jikina ta tashi.

A iyakar Cikanda wani jami'i ya buɗe gwangwanin ya sa yatsa, yana zaton wani abu muka ɓoye. Da Iliya ya gaya masa ko mene ne, ya mayar da murfin da hannu biyu, ya goge yatsan a wando, ya ɗaga mana sanda ba tare da ya duba sauran takardun ba. Mun kwana a Bida a wani masauki mai fanka ba wuta. Iliya ya shigo da gwangwanin ya ba shi kujera ɗaya tilo da ke ɗakin. Da safe mai abinci ta kawo mana tuwon shinkafa da miyar wake kwano uku. Na ce mu biyu ne. Ta leƙa ɗakin, ta ce ai ta ɗauka ta ga mutum uku sun fito daga mota, ta ɗauke ɗaya ta tafi abinta. Iliya ya yi murmushi. Ni ban iya cin nawa ba.

Duk gadar da muka zo sai ya rage gudu, ya sauke gilashi ya kira suna. Ya kira a Jabba, ya kira a Makurɗi, ya kira a Katsina-Ala da kogin Donga da na Taraba, har ƙananan rafuka da suka ƙafe bai tsallake ba. Tun ina kallon gaba har na koma satar kallon kujerar baya ta madubin gefe. Ba abin da na gani sai farin ƙyalle da bel. Amma tambaya ɗaya ta hana ni sakat: in da gaske ne ana kira a taso, wa muka taso?

Ba mu tsaya a gari ba, muka wuce ƙauyensu da la'asar. Mun tarar an taru. Matan zumunta da ankonsu suna buga tukwane suna waƙa, fasto da littafinsa, ga ɗan rami an haƙa a bayan gida kusa da na mahaifinsu. Mama Saraya na zaune a kan turmi. Iliya ya miƙa mini gwangwanin, ya ce ni ta ba, ni zan mayar. Na durƙusa a gabanta. Ba ta karɓa ba tukuna, ta sa a yi shiru.

“Safiyo, sannu da hanya. Kai ne ka tsaya a kansa ran da aka rufe. Ni ban tsaya ba. Wurin ne?”

Na shirya amsar tun daga Wukari, kalma biyu ce kawai, na riga na faɗa wa Iliya ita ba tare da muryata ta yi rawa ba. Na ɗaga kai na dubi tsohuwar nan da ta shekara biyu tana tambayata lamba. 

Na ce, “Mama, ban sani ba.”

Na faɗi komai, da dagacin da duwatsun da na ƙi jerawa, da gonar, da yatsu huɗu na mai gona, da sifirin da bai tsaya ba. Iliya ya juya mini baya, har yau kuma gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Fasto ya matso ya ce ai ƙasa duk ta Ubangiji ce, a zuba a yi addu'a, niyya ta isa. Wasu dattawa suka goyi bayansa. Ta bar su suka gama. Sannan ta tambayi Iliya ko ya kira a kowane ruwa. Ya ce bai bar ko ɗaya ba.

Ta dubi gwangwanin. Ta ce a mayar da ƙasar ramin a rufe, ba za ta sa baƙo kusa da mijinta ba. Ta ce da ni ba ta yi fushi ba, gara da na faɗa. Na yunƙura zan ajiye gwangwanin a gefen turmi in tashi, sai ta tare shi da tafin hannu ta turo mini.

“A'a, ɗana. An kira shi, ya taso, ya ƙetare ruwa duka. Shi ma yaron wata ne. Ba a barin shi a hanya kuma. Kai ka kawo shi, kai za ka ba shi wurin zama.”

Mai mota ya karɓi motarsa washegari, na ji har taro yake yi a kunna masa matar. Na'urar na mayar ofis na sa a durowa. Gwangwanin kuwa yana ɗakina a Mayo Gwoi, a kan kujerar da ke kusa da taga. Na yi niyyar kai shi bayan gari in zubar ya fi sau goma, ni da ban yarda da ko ɗaya cikin wannan ba. Matata ta daina tambaya. In ta zo shara sai ta ce masa gafara, ta share ƙarƙashin kujerar, ta wuce.